Baƙon da Auta Ta Sauke a Kan Rufi

A wurin Inna, datti abu ne da ake gani. Ka gan shi, ka ɗauko tsintsiya ko soso, ka raba shi da gidanka, magana ta ƙare. Shi ya sa ranar da likita ya gama sauraron ƙirjin mijinta ya ce iskar da yake shaƙa ce ba ta da tsabta, sai ta ji kamar ita aka zaga. Ita da take wanke labule tun bai nuna yana son wanki ba?

Mijin nata tela ne. Idanu sun sa ya rufe keken ɗinki tun tuni, amma sunan ya ƙi barinsa, kowa Tela yake ce masa. Suna zaune a hawan ƙarshe na wani tsohon bene a tsakiyar gari, ɗaki biyu da falo, da ɗan kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya nemi gafara. Abin da ya ƙawata gidan shi ne rufinsa. Shimfiɗaɗɗe ne, na siminti, da tankin ruwa a kusurwa, da igiyar shanya, da gwangwanayen da Inna ta shuka fulawa a ciki a jere jikin bango. In ka tsaya can sama, garin nan gaba ɗaya yana ƙarƙashin haɓarka. A wannan gida suka yi renon 'ya'yansu, a nan suka ga jikoki, kuma Tela ya sha faɗa cewa daga nan yake so a ɗauke shi in lokaci ya yi.

Tari ne ya shigo ya dagula musu zama. Da sanyi yake zuwa, ya kama Tela a ƙirji ya yi ta jijjiga shi har idanunsa su kawo ruwa. In damina ta sauka sai ya ɗan sassauta, kamar ya tafi ganin gida.

Babban ɗansu, wanda ake kira Dogo, yana da gida a bayan gari, kuma shi mutum ne da ba ya son doguwar magana.

"Ku tattara ku dawo wurina," in ji shi, yana tsaye a falo kansa na neman taɓa fanka. "Tsakiyar garin nan ce ke cinye Baba. Ɗaki yana nan, har sabon fenti na sa an yi masa."

"Sabon fenti!" in ji Auta, ƙanwarsa. "Yaya, mai tari za ka saka a ɗakin da ke warin fenti?"

"Ke dai ba a rasa ki da magana."

Ita Auta tana aiki ne a ofishin da ke auna iskar gari. Tun da ta fara aikin uban yake tsokanarta, yana tambayarta yau mudu nawa suka auna, kuma da sauran a kasuwa ko ta ƙare. Amma ranar bai yi tsokana ba. Ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa, Inna kuwa ta san abin da wannan murzar ke nufi.

Auta ce ta kawo mafita. Ta ce suna neman dogon rufi a unguwar da za su kafa injinsu na auna iska, kuma akwai wani injin irinsa a kusa da gidan Dogo. "A bar injunan biyu su sha iska har shekara ta zagayo. In dattin da na nan ya tara ya fi na can baƙi, ni da kaina zan naɗe muku katifa. In kuwa ba haka ba, Yaya, ka ƙyale su a gidansu."

Tela ya ɗago. "Na yarda. Iskar ta zo ta ba da shaida da bakinta."

Haka aka yi. Da farkon damina Auta ta hau da injin tare da abokan aikinta, suna nishi a matakala. Wani ƙarfe ne mai ƙafa uku, tsayinsa ya kai kafaɗar Inna, da hula a kansa kamar an kife kwano. Da aka kunna shi sai ya kama wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, irin na kyanwar da ta ƙoshi. Auta ta sa safar hannu, ta ɗauko wani farin faifai da matsefata, mai laushi kamar auduga, faɗinsa bai fi bakin kofi ba. Ta kwantar da shi a cikin hular.

"Iska za ta bi ta cikinsa ta wuce," ta ce, "abin da ta ɗauko kuwa ya tsaya a kai. Inna, roƙona ɗaya ne. Kada ki taɓa shi. Kada ki goge shi, kada ki wanke shi, kada ki rufa masa zane."

"To in ya yi ƙura fa?"

"Ƙurar ce abincinsa."

Inna ta zagaya shi tana kallo, hannu a baya don kada ta saɓa. "Baƙo dai kin kawo mana, mai cin ƙura. Allah ya ba mu ikon sauke shi." Daga ranar sunansa ya zama Baƙo. In ta hau shanya sai ta gaishe shi, in ta ji gurnaninsa ya canza ta buga wa Auta waya.

Auta takan zo da yamma in ta tashi aiki, ta cire faifan da ya sha iska, ta naɗe shi a takardar gwangwani mai ƙyalli, ta sa sabo. Na damina sukan fito da ɗan toka-toka, ba yabo ba fallasa. Inna takan leƙa ta taɓe baki, ta ce ai ko hular Tela ta fi wannan datti. Da ruwa ya ɗauke aka shiga girbi, sai faifan ya fara fitowa ruwan ƙasa. Auta ta ce manoma ne ke ƙona kara a gonaki, can nesa da gari.

"Gonakin da ko da mota sai an yi tafiya?"

"Su fa."

Inna ta tsaya tana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa. Ba ta ga gona ba, ba ta ga hayaƙi ba. Wani bawan Allah da ba ta taɓa sani ba ya ƙyasta ashana a gonarsa, ga shi abin ya zo ya kwanta a kan rufinta kusa da zannuwanta. Ranar har ta kwanta abin yana mata yawo a ka.

Sai sanyi ya shigo, tari ya dawo da kayansa.

To, Inna tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana yi wa mijinta in sanyi ya kama. Da sassafe ƙirjinsa yake fi rufewa, ɗakin kuma ya yi masa ƙunci. Sai ta riƙe hannunsa su hau rufi su jira rana. Takan hura gawayi a wani tsohon kasko na ƙarfe, in gawayin ya yi gardama ta ƙara masa 'yan faskaren katako. In garwashi ya yi ja, sai ta warware ƙullin gefen zanenta ta ɗauko busasshen ɓawon lemo ta watsa a kai. Ƙamshin ya tashi, mai zaƙi da ɗan ɗaci. Tela ya sunkuya a kan kaskon, ya ja bargo ya rufe kansa da kafaɗunsa, yana shaƙa yana cewa wannan ne ke buɗe masa ƙirji.

Wuri ɗaya ne a rufin da iska ba ta dukan mutum, wato lungun da ke tsakanin tankin ruwa da bango. Kuma a bakin wannan lungu aka kafa Baƙo. Nan suke zama su uku. Wata safiya ma da sanyi ya yi tsanani, Inna ta sa ƙafa ta ɗan tura kaskon wajensa.

"Matso ka ji ɗumi," ta ce. "Ba a taɓa saukar baƙo a gidana ya kwana a waje kuma ya tashi ba wuta ba."

Tela ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ki zuba masa shayi mana."

"An ce kada in taɓa shi. Ban da haka da ka ga aiki."

Kafin rana ta take, Inna ta kwashe toka, ta wanke kaskon, ta goge shi, ta kife shi a bayan ƙofar kicin. Ta share rufin ta bi shi da ruwa. Lokacin da Auta ke zuwa da yamma, ko baƙin gawayi ɗaya ba za ka samu a simintin nan ba. Ka san Inna da tsabta.

Yammar da Auta ta buɗe hular ta ga faifan farko na sanyi, hannunta ya tsaya cak. Baƙi ne wuluk, kamar gindin tukunya. Ta duba injin, ta duba sama, ta leƙa titi. Ta naɗe shi da sauri. Amma Inna ta gani.

Haka sanyin ya tafi. Faifai baƙi, tari na ƙaruwa. Tari na ƙaruwa, Inna na ƙara gawayi, suna ƙara daɗewa a lungun, don ita a ganinta sanyi ne ke neman kayar mata da miji. Dogo ya zo ya ji tarin tun daga matakala, ya shigo fuska a murtuke, ya zauna bai ko taɓa abincin da aka kawo masa ba. Tela ya rame har hularsa ta fara masa yawa. Wata rana Inna ta same shi a tsaye gaban keken ɗinkinsa, yana auna faɗinsa da taƙin hannu, yana duba ko zai shiga mota. Ta koma kicin ta kunna famfo don kada ya ji ta.

Da bazara ta zo aka ajiye kasko. Sama ta yi garau, ba hayaƙi ko na magani, Inna ta ce to yanzu Baƙo zai wanke musu suna. Sai ga faifai yana fitowa da wani irin launi rawaya-rawaya, kamar farar rigar da ta daɗe a akwati. Wannan kam ya ɗaure mata kai, amma Auta ta ce ta bari sai komai ya haɗu.

Da shekara ta zagayo, Auta ta ce za ta zo gida ta faɗa musu sakamako. Inna ta ce ba ta san zance ba.

"Ba za a yanke mini hukunci a bayan idona ba. Inda aka tara shaidun, nan za ni."

Suka tafi su huɗu a motar Dogo. Wurin aikin Auta ɗaki ne dogo mai sanyin asibiti, fari fat, da manyan firji a jikin bango da injuna masu ƙananan fitilu. Inna ta duba kusurwoyi ta ga ba yana, ta gyaɗa kai, wurin ya shiga ranta. Aka ba Tela kujera. Auta ta kai su gaban wani dogon tebur da aka rufe da farar takarda, ta yaye.

Faya-fayan shekara guda ne, kowanne a cikin ɗan akwatinsa na gilashi, an jera su layi-layi. Kowane layi rufi ɗaya ne a garin: na kasuwa, na tashar mota, na asibiti, na unguwar Dogo, na su Inna. Daga hagu damina ce, ana tafiya dama har wata daminar.

Inna ta dafa tebur. Ta zaci za ta ga datti ne kawai. Sai ta ga layukan nan duka suna tafiya tare. Su fara fari-fari, su rine zuwa ruwan ƙasa, su yi duhu, su juye rawaya, su dawo fari-fari, babu wanda ya tsere wa ɗan'uwansa. Rufin mai kuɗi da rufin talaka, na gabas da na yamma, launi ɗaya suke ɗauka a lokaci ɗaya. Tela ya miƙe ya matso, ya bi layin da yatsa ba tare da ya taɓa ba.

"Wannan ai yadi ne," ya ce a hankali. "Wa ya rina shi haka?"

"Mu duka, Baba."

Auta ta nuna musu wani inji mai kama da ƙaramin firji. Ta ce sukan huda ɗan guntu daga faifai, kamar ƙwayar wake, su saka a ciki. Injin ya ɗumama shi, duk abin da ya maƙale ya saki ƙamshinsa, shi kuma ya yi ta kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Man da ake suya da shi da hayaƙin mota, waɗannan ba su da lokaci, kullum suna nan, damina ce kawai ke wanke musu fuska. Ruwan ƙasan girbi na gonaki ne, kuma a nan layin Dogo ya fi na kowa duhu, don shi ne maƙwabcin manoma. Dogo ya gyara tsayuwa ya yi gyaran murya. Duhun sanyi kuwa itace ne da gawayi da shara da mutane ke ƙonawa don jin ɗumi, ga shi da safe iska mai sanyi takan kwanta a kan gari kamar murfi, hayaƙin ya rasa hanyar fita.

"To wannan rawayan fa?" in ji Inna. "Da bazara wa ke hura wuta? Ni da idona na ga sama, garau take."

"Wannan ba wanda ya ƙona shi, Inna. Ƙamshi ne."

"Ƙamshi?"

"Warin fetur da ke tashi in zafi ya buge shi. Warin fenti. Turaren da mutane ke fesawa. Har bishiyoyi, in rana ta yi zafi suna fitar da nasu numfashin, irin ƙamshin da kike ji in kin murza ganye. Duk su hau sama su haɗu, ido ba ya ganinsu. Sai rana ta yi ta dafa su tun safe, kafin la'asar sun dunƙule sun zama ƙura mai laushi, wadda ta fi gari laushi."

Inna ta sake duban rawayan faifan. Ta tuna bishiyar da ke ƙofar benensu, wadda take wucewa kullum ba ta ko ɗaga kai. Ashe tana numfashi. Ashe saman nan da take gani wayam tukunya ce a kan wuta, ana girki a cikinta kowace rana, ba mai ji ba mai gani.

"Ikon Allah," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mu muna nan muna ta sharar ƙasa."

Dogo ya matso gaban teburin. Ya sa doguwar yatsarsa a kan layin iyayensa, daidai tsakiya, inda faya-fayan suka yi baƙi ƙirin, baƙin da babu irinsa a duk teburin, ko a tashar mota.

"Ga dai amsa nan. Ko makaho ya shafa zai ji."

Auta ta dubi ubanta. "Haka ne, Baba. Na yi alkawari, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. A sauran shekara kun yi daidai da kowa, wani lokaci ma kun fi Yaya. Amma sanyinku ya yi muni." Idanunta suka cika. "Na zagaye unguwar nan da ƙafa. Na nemi gidan burodi, na nemi masu ƙona taya, ban samu abin da zai yi wannan baƙin ba. Kuma akwai abin da ya ɗaure mana kai ni da abokan aikina. A duk garin, a faifanku kaɗai injin yake kiran wani suna. Mun sake gwadawa, ya sake kira. Ɓawon lemo."



Tela ya juya a hankali ya dubi matarsa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, amma kafin ta fito tari ya riga ta, Dogo ya yi ta bubbuga masa baya.

Inna ta lalubi kujera ta zauna. "Kika ce lemo?"

"Lemo, Inna. Ƙonanne."

"Ya ji shi? A cikin wannan baƙin duka, ya tsinto ɗan ɓawon da bai cika tafin hannuna ba?"

"Wane ɓawo?"

Sai Inna ta faɗa mata. Kasko, gawayi, faskaren katako, lungun tanki, har da tura wutar da ta yi don Baƙo ya ji ɗumi. Auta ta ɗora hannu biyu a ka.

"Inna! Wuta? A gindin injin? Duk sanyin nan?"

"Cewa kika yi kada in taɓa shi. Ki tambayi babanki, ko da gefen zane ban taɓa shi ba."

"Ban taɓa ganin toka ba!"

"Toka a rufina? Ke ma dai."

Auta ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Aikin sanyi guda ya tafi a banza, kuma ita ce za ta tsaya gaban shugabanta ta yi bayani. Ta zauna a ƙasa jikin firji, tana cewa laifinta ne, ita ce ba ta ce kada a hura wuta ba, wa zai yi tunanin sai an faɗa.

Amma Inna ta daina jin su. Idonta na kan baƙin faifan. Ta ce a buɗe mata ɗaya. Auta ta tashi ta buɗe, tunda ya riga ya lalace. Inna ta kai shi hancinta. Ga shi nan, can ƙasa da warin gawayi, siriri, mai zaƙi da ɗan ɗaci. Safiyarta ce, wadda ta wuce watanni, an ajiye ta a firji ba abin da ya ragu.

"Auta," ta ce, "shi Baƙo a gefe yake tsaye. Hancinsa ma yana can sama, daidai kafaɗata. Abin da ya kai gare shi ragowa ce." Ta juya ta dubi mijinta. "Shi kuwa wannan, a kan kaskon yake sunkuyawa. Da bargo."

Ta dubi faifan, ta dubi ƙirjin Tela da ke hawa da sauka a cikin rigar da ta yi masa yawa. Auta ta karɓi akwatin daga hannunta.

"Ni nake hura masa," ta ce. "Yana tari ina ƙara gawayi."

Tela ya miƙo hannu ya kama gefen mayafinta. "Ni nake cewa ki ƙara. In za a kama ɓarawo a kama mu tare."

Dogo ya share fuska da tafin hannu. Da ya yi magana, muryarsa ta sauko. Ya ce ko ma mene ne, baƙi dai baƙi ne, kuma alkawari aka yi. Auta ta ce a'a, shaidar ta gurɓace, ba iskar unguwa Baƙo ya sha ba, kaskon Inna ya sha. A ba su wani sanyin. Suka ja, suka ja, har Tela ya ce in sun gama rabon gadonsa su tashe shi. Daga ƙarshe Dogo ya ce sanyi ɗaya, ba ƙari, in tarin bai sauka ba da babbar mota zai zo, kuma ba zai tsaya gaisuwa ba.

Inna ta roƙi a ba ta baƙin faifan. Ta kawo shi gida ta ajiye a kan keken ɗinki, inda ido zai riƙa faɗawa a kai.

Da sanyi ya dawo, ba a hura wuta a rufin ba. Inna ta cika kwalba da ruwan zafi ta naɗe a tawul, ta ɗora wa Tela a ƙirji. Ta ƙara masa bargo da safa, da shayi a flas. Kuma ba sa hawa sai rana ta fito ta ɗaga murfin nan da Auta ta faɗa. Tela ya yi mita, ba wai bai yi ba. Ya ce kwalba ba ta da hira, garwashi kuwa ko ba ka ce komai ba yana taya ka zama. Lemo kuma sai ɗanye, ta ɓare ta matsa masa ɓawon a gefen hanci, can ƙarshen rufi, ta juya wa Baƙo baya kamar mai ɓoye abu ga yaro.

Wata safiya ta hau ita kaɗai tun gari bai gama wayewa ba, don ta ga murfin da idonta. Ta tsaya jikin bango ta ja mayafi. Daga tsakar gidaje, daga bakin kasuwa, daga lungunan da ba ta san sunansu ba, siraran hayaƙi suna tashi a miƙe kamar zare. Kowanne ya hau, ya hau, sai ya kai wani wuri ya tsaya kamar ya bugi silin, ya kwanta ya bazu ya haɗu da na kusa da shi. Shimfiɗa ɗaya shuɗiya-shuɗiya a kan garin duka, dogayen gine-gine sun huda ta sun leƙo. Shekara da shekaru tana hawa rufin nan, ba ta taɓa gani ba, don kullum kanta na sunkuye a kan nata kaskon. A gindin kowane zare akwai wata mai hura wa wani wuta. Ta tsaya har rana ta taɓa shimfiɗar, ta yi ruwan zinariya, ta fara yagewa.

Tarin bai tafi gaba ɗaya ba. Amma ya rage zafin kai, yana zuwa ya gaisa ya wuce, Tela har ya fara cika hularsa. Da sanyi ya ja baya, Auta ta zo da faifai biyu a akwatunansu, ta miƙa wa Dogo a kan rufin, gaban kowa.

"Ɗaya naka, ɗaya nasu. Zaɓi naka."

Dogo ya ɗaga su a rana. Dukansu ruwan shayi ne da madara. Ya juya su, ya musanya hannu, ya runtse ido ɗaya.

"Wannan," ya ce.

"Na Inna ne."

Ya mayar mata da su, ya tura hannu a aljihu, ya dubi ubansa da ke zaune a rana yana murmushi har kunne. "To, ɗakin dai yana nan. Warin fentin ma ya fita."

"Ka saka kaji," in ji Tela.

Sai a lokacin Auta ta lura da kaskon. Yana jikin bango cikin gwangwanayen fulawa, an huda gindinsa an cika shi da ƙasa, ga wani ɗan tsiro mai ganye huɗu masu sheƙi.

"Inna, me kika shuka?"

"Lemo."

"Kin san in ya girma shi ma zai riƙa numfashi da bazara?"

Inna ta dubi tsiron, ta dubi Baƙo da ke gurnaninsa a bakin lungu. Ta tattare zane, ta sunkuya ta kama kunnuwan kaskon, ta fara jansa zuwa ɗaya ƙarshen rufin.

"Dogo, tsayuwar me kake yi? Zo ka kama mini, kafin ya sake kai ƙarata."